Zaɓen kwamitin lakwal: ƙuri'ar da masu baki suka raina

Kowace shekara, da zarar damina ta ja da baya, watan Oktoba ya kama, yara sun koma aji, daraktan lakwal yakan ba ɗalibai saƙo su kai gida: ana gayyatar uwaye babban taro ranar kaza, ƙarfe kaza, a farfajiyar makaranta. Saƙo yana isa gida lafiya lau, masu gidan ne ba su isowa. Ranar taro, a inuwar bedi, za a tarar da tsofaffi goma sha, da mata ƴan kaɗan da suka raɓe can gefe bisa tabarma, da mai unguwa ko wakilinsa a kujerar gaba. Alhaji yana kanti, don yau ranar ciniki ce. Ma'aikaci yana biro, in kuwa Asabar ce yana hutawa. Kafin shayi ya dahu an gama komi: wani ya miƙe ya ce ai shugaban bara mutumin kirki ne, a bar shi ya ci gaba. A tafa, a shafa fatiha, a watse. An yi zaɓe ke nan.

Da dare kuma, a fada, waɗannan da ba su samu sukunin zuwa ba su ne za su raba dare suna fayyace yadda ilimi ya lalace a Nijar. Sun san laifin minista, sun san na Bankin Duniya, sun san na Faransa, kuma kowane daga cikin waɗannan yana da nasa kason laifi. Amma a tambayi mutum ɗaya a cikinsu sunan ma'ajin kwamitin lakwal ɗin da ke bayan katangar gidansa, sai wuri ya yi tsit.

Daga ina kwamitin ya fito

Wannan kwamiti da ake rainawa yana da doka, yana da tarihi. Dokar tsarin ilimi ta ranar 1 ga watan Yuni 1998 ta raba nauyin makaranta tsakanin gwamnati, da ƙananan hukumomi, da uwaye. Da aka shiga shirin ilimi na shekara goma a 2003, sai aka kafa kwamitocin kula da makarantu, waɗanda kowa ya sani da sunan Kojes. A shekarar 2012 aka sake musu suna zuwa CGDES, ko da yake a bakin jama'a tsohon sunan bai gushe ba. A ciki akwai wakilan ƙungiyar uwayen yara, da wakiliyar ƙungiyar mata masu tarbiyya, da wakilin malamai, da darakta wanda ke riƙe da rubutu. Shugaban kwamiti daga cikin uwaye yake fitowa. Kwamitocin kowace ƙaramar hukuma kuma suna haɗuwa cikin tarayya guda, wadda ita ce ke da bakin magana gaban hukuma.

Aikinsu ba kaɗan ba ne. Su ke tsara abin da za a yi wa makaranta a shekara, su yanke kuɗin da kowane gida zai bayar, su karɓa, su kashe. Su ke shaidar littattafai da alli da sauran kayan aikin da gwamnati ko masu taimako suka aiko. Su ke kafa azuzuwan zana, su gyara teburan da suka karye, su duba rijiya da makewayi. Inda akwai ciyarwa, idonsu ya kamata ya kasance kan sito. Su ne ke bin gida-gida don a rubuta yara, su ne ya kamata su lura da yaron da ya daina zuwa, da malamin da ya mai da Litinin da Juma'a ranakun hutu. Wanda ya riƙe wannan kwamiti ya riƙe rabin makaranta.

Darasin Tawa

A farkon 2004 aka fara wani shiri a jihar Tawa tare da hukumar taimako ta Japan, JICA, mai suna Makaranta Don Kowa. Abin da shirin ya sa a gaba ba gini ba ne. Ya ce kafin a yi maganar komi, a fara zaɓen wakilan uwaye ta ƙuri'ar asiri, gari duka ya hallara, maza da mata. Daga nan a zauna a tsara aikin shekara a bainar jama'a. A ƙarshen shekara a dawo a ba da lissafi a bainar jama'a. Tsarin ya bazu zuwa Damagaram, a 2007 kuma aka game ƙasa duka da shi. Daga baya ƙasashe irin su Senegal da Burkina Faso da Mali suka ɗauki samfurinsa. Abin da manoman Adar suka gwada ya yi kyau har maƙwabta suka zo koyo, shi ne masu digiri na Yamai da Maraɗi suke ganin bai kai su tashi daga kujera ba.

Me ya sa aka nace kan ƙuri'ar asiri? Don duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ɗaga hannu yake nufi. Talaka ba ya ɗaga hannu ya ƙi ɗan'uwan maigari alhali maigari yana kallonsa. Wanda ake bi bashin gero ba ya ƙin mai bin sa a gaban jama'a. Mace ba ta saɓa wa surukinta a fili. Kunya da kara, waɗanda ado ne a zaman gida, a wurin zaɓe sukan zama takunkumi. Ƴar takarda da aka naɗe a bayan zana aka jefa cikin akwati ita ce kawai ke ba wanda ba shi da ƙarfi damar faɗin abin da ke zuciyarsa ba tare da ya yi asarar gaisuwar maƙwabcinsa ba.

Shi ya sa abin da ake kira daidaitawa, wato a haɗu a ce an yarda da wane ba tare da akwati ba, yaudara ce da aka sa wa rawani. Inda aka bar ta ta samu gindin zama, sakamakon iri ɗaya ne: shugaba ya tsufa bisa kujera, ma'aji ya zama wanda bai iya karanta rasit ba, darakta ya haɗa rubutu da ajiya da sayayya a hannunsa shi kaɗai. Ba duk darakta ne ke so haka ba. Da yawa dole ce ta sa su, don an gudu an bar musu kayan. Amma tsarin da ya dogara ga kirkin mutum ɗaya, ranar da aka yi wa mutumin sauyin wurin aiki ya rushe.

Lissafin da ɗan kasuwa ba ya yi

A ƙaddara makaranta mai yara 600, an yanke wa kowane yaro dala 100 a shekara. Jika 300 ke nan, in kowa ya biya. A ƙara da taimakon wani ɗan unguwa da ke ci-rani, da katan-katan na littattafai, da buhunan abinci in akwai ciyarwa. A Babbar Kasuwar Maraɗi ko Kasuwar Dole ta Damagaram ba a taɓa jin Alhajin da ya miƙa wa yaron kanti jika 300 ya juya baya shekara guda bai tambayi lissafi ba. Ko ɗan cikinsa ne, da magariba sai an buɗe littafi an ƙirga. To wannan Alhajin, mai ƙirga allura, shi ne ke ba da kuɗin lakwal kowace shekara bai taɓa cewa a nuna masa rasit ɗaya ba. In aka zo masa da ƙorafi sai ya ce ai shi ya biya nasa. Biya ba tare da bin sawu ba sadaka ce ga wanda ba a sani ba.

Ma'aikacin gwamnati ma bai fi shi hujja ba. Mutumin da yake yini yana duba takardun kuɗi a baitulmali, ko yana rubuta rahoton taro a ofishin gwamna, sa'a biyu cikin wata uku za su ishe shi ya daidaita littafin ajiyar makarantar unguwarsu. Ilimin da yake taƙama da shi a irin wannan makarantar ya same shi kyauta, a zamanin da gwamnati ke ba da littafi da alƙalami, har da guzuri ga wanda ya kai kwaleji. Da kuɗin gyaɗa da harajin talakawa aka karantar da shi. Bashin yana nan, ba a yafe ba.

Zana da wuta

In maganar kuɗi ba ta motsa kowa ba, akwai wadda ta fi ta nauyi. Ranar 13 ga watan Afrilu 2021, wuta ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ta ci yara 20, galibinsu ƴan rainon da ba su kai shekarun shiga aji ɗaya ba. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga watan Nuwamba, aka sake yi a Maraɗi: yara aƙalla 25 ƴan shekara biyar zuwa shida suka ƙone. Gwamnati ta hana sa ƴan raino cikin azuzuwan zana. A lokacin, hukumomi da kansu sun ce irin waɗannan azuzuwa sun kai kimanin 36,000 a faɗin ƙasa.

Babban laifi na gwamnatocin da suka yi ta shuɗewa ne, waɗanda suka bar ɗiyan ƙasa suna karatu cikin kara da tabarma fiye da shekara sittin bayan samun mulkin kai. Wannan ba abin gardama ba ne. Amma kafin ranar da za a gina aji na ƙarshe, yara gobe da safe cikin zana za su zauna. Tazarar da za a bari tsakanin rumfa da rumfa, ƙofa ɗaya za a yi ko biyu, ina masu tuyar ƙosai za su kafa murhu, akwai tanon ruwa da yashi a kusa ko babu, waɗanne yara za a sa a ginin siminti, waɗanne a rumfa: ba ɗaya cikin waɗannan da ake yankewa a ofishin minista. A farfajiyar makaranta ake yanke su, tsakanin darakta da mutanen da aka zaɓa, ko aka tafa musu, a wancan taron da aka raina. Wanda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta sau biyu cikin shekara guda, bai kamata sai an tuna masa ya shafa wa nasa ruwa ba.

Abin da ke cikin kan yaro

Ga kuma ita kanta karatun. Binciken PASEC na 2014, wanda ya gwada ɗaliban ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar yaran da suka kai ƙarshen firamare suna karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an ɗaga zuwa kimanin uku cikin goma. An ci gaba, amma har a lokacin yara bakwai cikin goma suna share shekara shida a aji su fito ba su iya fahimtar shafi guda. Uban da bai taɓa shiga aji ba yana iya yin shekara shida bai gane haka ba. Wanda ya yi karatu, minti biyar sun ishe shi: ya buɗe littafi ya ce wa yaro karanta. Kwamitoci da dama sun shirya darussan ƙari da yamma ko da dare, da hannun matasan gari masu ilimi. Inda aka yi haka, kwamiti ne ya nema. Inda ba a yi ba, ba wanda ya tambaya.

Haka zancen ƴan mata. A Nijar kusan mata uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram suna sahun gaba. A watan Disamba 2017 aka sa hannu kan dokar kare yarinya mai karatu. Sai dai takardar doka ba ta da ƙafa, ba ta shiga zaure ta yi sallama. Wadda ke jin labarin baiko tun kafin a raba goro ita ce wakiliyar mata a kwamiti. In mace ce mai faɗa a ji, wadda ƴan uwanta mata suka zaɓa da kansu, takan iya shiga gidan ta ce wa uwar yarinya: yaya, a bar ta ta ƙare ko da aji shida. In kuwa matar wani ce aka rubuta sunanta don a cika gurbi, yarinyar ta tafi ke nan.

Hujjojin masu ƙin zuwa

Hujja ta farko ita ce mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta. Masu ita suna cewa kwamitin lakwal dabara ce ta gwamnati da masu ba ta bashi, don a sauke wa talaka nauyin da ba nasa ba. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya rayu a shekarun 1990 ya ga yadda tsarin tsuke bakin aljihu, da karya darajar sefa a watan Janairu 1994, da albashin da ake bi wata da watanni, da yajin aiki marar ƙarewa suka durƙusar da makarantar gwamnati. Ya ga yadda aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi masu ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Amma mai wannan hujja ya faɗi abin da ƙauracewarsa ta gyara. Gudummuwar dai ana karɓarta, ya zo ko bai zo ba. Bambancin kawai shi ne ko akwai mai tambaya. Kuma in ana so a tilasta wa hukuma ta ɗauki nata nauyin, tarayyar kwamitoci da aka zaɓa da gaske, mai uwaye dubbai a bayanta, ta fi surutun fada ɗari tasiri.

Akwai ma wani bincike da ya kamata masu ilimi su ji kunyarsa. A ƙarshen 2007 aka ɗauki makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin rabinsu tallafin kuɗi kai tsaye don a ga abin da zai faru. Masu binciken, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun samu cewa uwaye sun ƙara himma, sun ƙara shiga harkar makaranta, amma sakamakon jarrabawa bai motsa ba, fashin malamai ma ɗan ƙaruwa ya yi. Ma'anar a fili take: talaka yana da niyya, abin da ya rasa shi ne ƙarfin tsayawa gaban mushe ya yi masa tambaya. Wannan ƙarfin yana hannun ɗan kasuwar da ake jin maganarsa da ma'aikacin da ya san doka, wato su ɗin nan da ba su zuwa.

Hujja ta biyu ba a cika faɗinta da ƙarfi ba, amma ita ce ta gaskiya: ɗiyana suna makarantar kuɗi. To, madalla. Sai dai yaron da zai tsare kanti gobe, da direban da zai ja babbar mota zuwa Agadas, da unguwarzomar da za ta karɓi haihuwar jika, da sojan da ke tsaron iyaka, har da malamin da zai koyar a makarantar kuɗin, mafi yawansu daga rumfar zana za su fito. Wanda kuma aka kora daga aji huɗu bai iya rubuta sunansa ba, ba ƙasar zai bari ba. Yana nan a tasha, yana nan a bakin kasuwa, yana jiran duk wanda zai ba shi aiki, kowane irin aiki ne. Katangar gida, komi tsawonta, ba ta raba mutum da garinsu.

Hujja ta uku ita ce siyasa: wai an mai da kwamitoci reshen jam'iyya, mai mutunci ba ya shiga. An ga haka a wurare da dama, ba ƙarya ba ne. Amma kura ba ta shiga garke sai ta ga makiyayi ya yi nisa. Yau kuwa wannan hujjar ta faɗi da kanta, tunda an rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025.

Akwatin da ya rage

Ga inda maganar ta fi ciwo. Ranar 9 ga watan Fabrairu 1990 ɗalibai suka faɗi a gadar Kennedy. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka zauna babban taron ƙasa. A 1993 aka zaɓi shugaban ƙasa cikin ƴan takara da yawa, a 2004 aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi. Kowa yana da ra'ayinsa kan waɗannan abubuwa, wasu na murna, wasu na baƙin ciki. Amma da mai murna da mai baƙin ciki, abu ɗaya ya haɗa su: a unguwa, wurin da ya rage mutum zai jefa ƙuri'a kan wanda zai riƙe kuɗin jama'a, ya kuma dawo ya tambaye shi lissafi ido da ido, bai wuce farfajiyar lakwal ba.

Mai kukan rashin dimokuraɗiyya da ba ya iya ba da safiya ɗaya ga zaɓen mutum shida ko bakwai, da wane baki zai nemi na ƙasa duka? Mai kiran ƴancin kai da sake gina ƙasa, wanda ke jiran baƙo daga Japan ya koya masa ƙirga kuɗin makarantar ɗansa, wane ƴanci yake nufi? Shekara talatin ana zaɓen shugabanni daga sama, ba a koyi bin sawunsu daga ƙasa ba, kuma an ga abin da hakan ya haifar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Al'adar tambayar mai riƙe da amana ma a kan jika 300 ake koyonta, kafin a kai ga miliyan dubu.

Abin da ake bukata ba ya cin ko tamma. A sanar da ranar taro tun da sauran mako biyu, a masallatai, da rediyon gari, da bakin sankira. A sa taron a ranar da ba ta kasuwa ba, a lokacin da mata suka sauke tukunya. Duk mai son kujera ya tsaya ya faɗi abin da zai yi. A kafa zana, a ajiye akwati, a ƙirga ƙuri'u a gaban kowa. Wanda wa'adinsa ya cika ya sauka ko ya sake neman yardar jama'a. Ma'aji ya zama wanda ya iya lissafi, kuma kada kuɗi su fita sai da sa hannu biyu. A manna abin da ya shigo da abin da ya fita a jikin bangon makaranta, a karanta shi da harshen da uwaye ke ji. Tunda takardar tsarin ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ba sauran dalilin ɓoye lissafi cikin Faransanci. Masu duba makarantu kuma su ƙi karɓar duk sunayen da aka kawo musu ba tare da shaidar zaɓe ba.

Saƙon darakta zai sake zuwa, a bakin yaro ko cikin ƴar takarda da ta yamutse a jaka. Alhaji yana da yaran da za su tsare kanti na sa'a biyu. Ma'aikaci ya san hanyar makarantar, don ta nan ya bi ya zama abin da ya zama. Wanda ya ga saƙon ya kau da kai, ya sani cewa ya jefa tasa ƙuri'ar, kuma ga wanda ke kan kujera ya jefa ta.